Littafin shago ya shiga kwamfuta: yadda ake buɗe shi da salula ko babu intanet

Kwamfuta guda bisa tebur, akwatin wifi guda a bango, sai salula a hannun kowa. Da waɗannan abubuwa uku ɗan kasuwa na iya ganin kayan da suka rage da bashin da ke waje ba tare da ya sayi forfe ba. Sai dai ƙofar da ta buɗu ma mai shago tana iya buɗuwa ma wanda ba a gayyata ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san lokacin da ya fi wuya ba lokacin ciniki ba ne, lokacin rufewa ne. Magariba ta gabato, maƙwabta sun fara jawo ƙofofi, sai a ɗauko karne a zauna lissafi. Yaron shago ya ce buhu 12 na shinkafa ya sayar, mai tsaron magaza ya ce 14 suka fita, karne kuma ya nuna 11, domin akwai wanda aka ba bashi da rana ba a rubuta ba. Daga nan sai rantse-rantse, sai zargi, har ta kai a sallami yaron da bai ci komi ba, ko a ci gaba da riƙe wanda ke ci. Mata masu sayar da atamfa da turare da kayan kicin sun fi kowa sanin wannan, tun da rabin cinikinsu bashi ne da ake biya kaɗan-kaɗan, wani ƙarshen wata, wani sai an kwashi adashi.

Shi ya sa ƴan kasuwa da dama suka fara mayar da littafin shago cikin kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda aka fi faɗi a nan. Amma da an yi haka sai wata matsala ta ɓullo. Kwamfutar guda ce, tana wurin mai karɓar kuɗi, alhali kuwa mai magaza na can baya, mai shago kuma yana bakin ƙofa yana ciniki da baƙi. Kowa sai ya taso ya zo ya leƙa. Tambayar ita ce: ana iya barin littafin cikin kwamfuta guda, amma kowa ya buɗe shi daga salularsa? Ana iyawa, kuma ba ya buƙatar intanet.

Me ya sa ba za a dogara da intanet ba?

Akwai manhajojin lissafi da ke ajiye littafin mutum a kwamfutocin wasu kamfanoni a ƙasashen waje. Suna da daɗin aiki, amma ranar da rezo ya ɗauke, littafin ya rufu. Mu kuwa mun ga irin wannan rana. A watan Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula a Nijar har kimanin kwana 10. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet guda 4 da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodibuwa, abin ya taɓa ƙasashe da yawa na yammacin Afirka har da tamu, domin Nijar ba ta da teku, ta ƙasashen maƙwabta layukan ke shigo mata. Ban da wannan akwai kuɗin forfe na kullum, da kasuwannin da rezo ke rauni a cikinsu saboda cunkoso.

Littafin da ke zaune cikin kwamfutar shago ba ruwansa da duk wannan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wifi daban, intanet daban. Wifi hanya ce kawai da ke haɗa na'urorin da ke kusa da juna ba tare da waya ba. Akwatin wifi ko ba a sa mashi kati ba, ko ba a biya ko dala ba, yana iya haɗa kwamfuta da salula su yi magana da juna. Kamar lungunan da ke cikin kasuwa ne: ko an rufe babbar hanyar da ta fita gari, mai rumfar albasa na iya zuwa rumfar mai tattasai.

Yadda abin yake tafiya

Mu ƙaddara wata Hajiya ce mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi. Tana da yara biyu a shago, ƙanenta kuma na riƙe da magaza a baya. Mai gyaran kwamfuta ya zo ya sa mata manhajar lissafi, wadda su masu aikin ke kira lojisiyal. Akwai irinsu da ake samu kyauta kuma suna aiki da Faransanci, kamar Dolibarr da ta samo asali a Faransa, ko Odoo ta ƙasar Beljiyam, wadda ke da nau'in kyauta da na kuɗi. Waɗannan manhajoji da Chrome ko Firefox ake buɗe su, tamkar yadda ake buɗe kowane shafi, sai dai shafin ba daga Turai yake zuwa ba, daga kwamfutar da ke bisa teburin Hajiya yake fitowa. Wannan kwamfuta ita ce uwa, sauran na'urori duk wurinta suke zuwa tambaya.

To ta yaya salula za ta gane uwar? Da lamba. Kamar yadda kowane shago ke da lambarsa a kasuwa, haka akwatin wifi ke ba kowace na'urar da ta shiga lamba tata, wadda ake kira adireshin IP. Galibi takan fara da 192.168, misali 192.168.1.20. Wasu akwatunan sukan ba da mai farawa da 10, ko da 172. Tun 1994 aka ware waɗannan lambobi domin amfanin cikin gida kaɗai, ba su aiki a kan intanet. Saboda haka shagon Hajiya a Maraɗi da wani kanti a Damagaram suna iya samun lamba iri ɗaya ba tare da sun ci karo ba, kamar yadda akwai rumfa mai lamba 20 a kasuwar Tawa, akwai kuma a ta Ƙonni.

Sanin lambar ba wuya. A kwamfuta mai Windows ana buɗe baƙar tagar nan ta ba da umarni, a rubuta ipconfig, sai a duba layin da aka rubuta IPv4. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin uwar. Sai a ɗauki salula, a tabbata wifin shagon ta kama, a buɗe Chrome, a rubuta lambar a sama inda ake rubuta sunan shafi.

Wani lokaci lambar kaɗai ba ta isa, sai an ƙara lambar ƙofa. Gida guda na iya samun ƙofofi da yawa, kowace da inda take kai mutum. Haka kwamfuta take. Ƙofa ta 80 ita ce ta kowa, idan manhajar a nan take ba sai an rubuta komi ba. Amma Odoo a ƙofa ta 8069 take zama idan ba a canza mata ba, wasu manhajojin kuma a 8080. Sai a rubuta adireshin, a sa ɗigo biyu, a bi da lambar ƙofar, kamar haka: 192.168.1.20:8069. Idan komi ya yi daidai, shafin da ke kwamfutar zai bayyana a salula, ƙanen Hajiya ya rubuta turmi 5 sun fita, nan take Hajiya ta gani a tata.

Kalmar da ke ruɗa mutane

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne nan. Wanda ya leƙa kwamfutar zai ga an rubuta localhost a sama, ko 127.0.0.1, sai ya kwafe shi a salularsa, shafi ya ƙi buɗuwa, ya ce abin ya lalace. Bai lalace ba. Ma'anar wannan kalma ita ce "nan inda nake". Idan Hajiya ta ce "gidana", gidanta take nufi. Idan yaronta ya maimaita kalmar ya ce "gidana", nasa gidan yake nufi, ba nata ba. Salular da aka rubuta ma localhost cikin kanta take nema, kuma babu littafin shago a cikinta. Kwamfutar uwa kaɗai ke da ikon kiran kanta da wannan suna. Sauran na'urori dole su kira ta da lambarta.

Idan an rubuta lamba daidai amma ya ƙi

Abubuwa biyar ne suka fi hana shafin buɗuwa, kuma yana da kyau mai shago ya san su ko da ba shi zai gyara ba, domin kada a ce mashi sai ya sayi sabuwar na'ura alhali ƙaramin saiti ne.

Na farko, salular ba ta kan wifin shagon. Wasu salulolin idan suka ga wifin da suka kama babu intanet a ciki, sai su koma kan forfe ba tare da sun faɗa ma mai su ba. Maganinsa a kashe intanet na kati, ko kuma idan salular ta tambaya ko a ci gaba da zama kan wannan wifi, a amsa mata da i.

Na biyu, mai gadin kwamfuta. Windows na da katangar tsaro da ke hana baƙo shiga. Idan aka nuna mata wifin na bainar jama'a ne, kamar na tasha ko otal, sai ta ƙara tsanani. Mai gyara zai nuna mata wannan wifin na gida ne, sannan ya buɗe ƙofa guda tak, wadda manhajar ke amfani da ita. A yi hattara da mai gyaran da zai kashe katangar gaba ɗaya don ya gama da wuri. Wannan kamar a kori mai gadi ne don ya tsayar da ɗan gida sau ɗaya.

Na uku, manhajar kanta a kulle take. Wasu ana saita su ne su amsa ma kwamfutar da suke ciki kaɗai. WampServer, wanda masu gyara da yawa ke ɗora manhajoji a kansa, haka yake zuwa. Sai an shiga saitinsa an ba shi izinin amsa ma sauran na'urorin shagon.

Na huɗu, lambar ta canza. Jiya abin na aiki, yau da safe ya ƙi. Dalili shi ne akwatin wifi aron lamba yake ba na'urori, ba kyauta ba. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, yana iya ba kwamfutar 192.168.1.23 maimakon 20, salula kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. A wurinmu da wuta ke yawan ɗaukewa wannan ne ya fi damun mutane. Sai a ce ma mai gyara tun ranar farko ya kafe ma kwamfutar lamba guda cikin saitin akwatin, ya rubuta ta a takarda a manna a bango.

Na biyar, wifin baƙi. Wasu akwatunan suna da wifi na biyu na baƙi, ko wani saiti da ke hana na'urori ganin juna. Wanda ya shiga ta nan ba zai ga uwar ba. Wannan ba aibi ba ne, yana ma da amfani, kamar yadda za mu gani.

Iyakar abin

Kada kowa ya yaudare ku, wifi ba ya zuwa nesa. Cikin gini ƴan mitoci gomiya ne, kuma ƙarfe na tare shi. Ƙofar ƙarfe, rufin kwano, shagon da aka yi da kwantena, duk suna rage mashi ƙarfi. Shi ya sa ake rataye akwatin a sama, a fili, ba cikin durowa ko bayan tarin kaya ba. Idan magazar na da ɗan nisa ana iya jan wayar rezo, wadda ke kaiwa mita 100, a sa wani akwatin a can.

Amma idan magazar na wata unguwa, ko Hajiya ta tafi Kano saro kaya tana son duba littafinta daga can, to wannan wani aiki ne daban, dole sai da intanet. Nan ma akwai tarko. Wani mai gyara zai ce bari ya buɗe ƙofar kwamfutar ga intanet kai tsaye. Wanda ya yarda da haka ya sani akwai na'urori a duniya da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin waɗannan ƙofofi suna gwada kalmomin sirri. Hanyar da ta fi aminci ita ce wadda ake kira VPN, wato keɓantacciyar hanya da ba mai binta sai wanda aka ba mabuɗi. Wanda bai da buƙatar duba littafi daga nesa, gara ya bar shi cikin shago.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Nan ne maganar ta fi shafar aljihu. Karne na takarda yana cikin durowa, wanda zai taɓa shi sai ya shigo shago. Littafin da ke kan wifi kuwa, duk wanda ya san kod ɗin wifin ya iso bakin ƙofarsa, ko yana zaune a rumfar maƙwabci. Kuma kod ba ya ɓoyuwa a kasuwa. Yaro ya ba abokinsa, aboki ya ba wani. Salulolin Android na yanzu ma suna iya nuna wani hoto mai ɗigo-ɗigo da wani zai ɗauka ya shiga wifin ba tare da an faɗa mashi kod ɗin ba. A cikin littafin nan kuwa akwai farashin da kuka saro kaya, da sunan mai ba ku kaya, da jerin matan da kuke bi bashi da abin da ke kan kowace. Asirin ciniki ne, kuma asirin mutane ne.

Saboda haka, wifin littafi na ma'aikatan shago ne kaɗai. Idan akwai intanet kuma ana son a kyautata ma abokan ciniki, a ba su wifin baƙi. Kod ɗin ya zama mai tsawo, ba lambar salular mai shago ko shekarar haihuwarsa ba, kuma a canza shi duk ranar da wani ma'aikaci ya bar aiki. Shi kansa akwatin yana da kalmar sirri ta shiga saitinsa, da yawa daga kamfani suke zuwa da admin, wadda kowane yaro mai wasa da salula ya sani. A canza ta.

Abu mafi muhimmanci, kowa ya samu sunansa da kalmarsa a cikin manhajar. Mai sayarwa ya iya rubuta ciniki amma kada ya iya gogewa. Mai magaza ya ga kaya amma kada ya ga riba. Canza farashi da yafe bashi su zauna hannun mai shago shi kaɗai. Idan kowa da suna guda yake shiga, ranar da aka goge bashin jaka 150 ba wanda zai san wa ya goge, an koma gidan jiya ke nan, rantse-rantse da zargi. Idan kuwa kowa da sunansa, manhajar na rubuta wanda ya yi abu da lokacin da ya yi. Wannan na kama maci amana, yana kuma wanke yaron kirki.

Shi ma mai gyara a yi magana da shi a fili. Babbar kalmar sirri ta mai shago ce, ba ta mai gyara ba. Ya rubuta ta ya ba ku, ku canza ta bayan ya tafi, in ana buƙatarsa wata rana a buɗe mashi. In ba haka ba, ranar da kuka saɓa ko ya bar gari, dukiya taku amma littafinta na hannun wani.

Wani abu da ke tsorata mutane shi ne Chrome kan rubuta a sama cewa shafin ba shi da kariya. Abin da yake nufi shi ne bayanin da ke tafiya tsakanin salula da kwamfuta ba a lulluɓe yake ba, don haka wanda ke cikin wifin kuma ya san aiki yana iya leƙawa. Wannan ƙarin dalili ne na hana baƙo shiga.

Wuta, ɓarawo da gobara

Uwa idan ta kwanta, kowa ya kwanta. Ba mu manta ba a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ta layin Birnin Kabi da ke kawo ma Yamai da na Katsina da ke kawo ma Maraɗi da Damagaram, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. Don haka kwamfutar hannu mai batir mai kyau ta fi dacewa da shago bisa babbar ta tebur, wadda ke mutuwa nan take in babu ondilar, kuma irin wannan mutuwar na iya ɓata littafin. Akwatin wifi ba ya cin wuta da yawa, ƙaramin batir ko hasken rana na riƙe shi. A kuma hana kwamfutar yin barci lokacin aiki, a kiyaye ta daga ƙura da zafi, kada kuma ta zama ta kallon fim ko ta wasan yara.

Sai babbar magana. Littafin nan wuri guda yake. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, kuma ba garin da bai san gobarar kasuwa ba. Wanda kayansa suka ƙone amma littafin bashinsa ya tsira yana da abin sake tashi. Wanda duka biyun suka tafi, sai abin da masu tsoron Allah suka kawo da kansu. Saboda haka kowace yamma kafin a rufe, a kwafi littafin a kile, a sa aljihu a tafi da shi gida. Kile biyu sun fi guda, ana musanya su. Kwafin da aka bari cikin kwamfutar ko cikin durowar shagon ba ajiya ba ce, domin ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta ko wutar da ta ci shago ba za su bar shi ba. Kuma a sa mai gyara ya gwada mayar da kwafin a gabanku ko sau ɗaya, a ga da ido yana buɗuwa.

Kafin ku biya mai gyara

Mai faifai guda na tumatir ba ta buƙatar wannan duka, karnenta ya ishe ta. Abin na wanda ke da ma'aikata biyu ko fiye ne, ko magaza daban da shago, ko masu bashi da yawa, ko ƙungiyar mata da ke son shugaba da ma'aji da magatakarda su riƙa ganin lissafi guda. Wanda ya yanke shawarar yi, kada ya biya cikon kuɗin aiki sai ya ga abu huɗu da idonsa: an kashe intanet shafin ya buɗu a salularsa, an kashe akwatin an kunna lambar ba ta canza ba, yaron shago ya gwada goge ciniki ya kasa, an kuma kwafi littafin a kile an mayar. Watan farko a ci gaba da rubuta karne tare da kwamfuta, ana gwada su kowace yamma har hannu ya saba.

Kwamfuta ba ta san buhun da ya fita ba sai an faɗa mata. Abin da aka rubuta shi take riƙewa, wanda ba a rubuta ba ya tafi, kamar dai a karne. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.